Ba Wanda Ya Tambayi Katikis

Lahadi, 9 ga Maris, bayan la'asar

Yau Fada Istifanus ya dakatar da Katikis Mainasara. A gaban kowa ya faɗa, lokacin sanarwa, tsakanin maganar sharar coci da ta koyon waƙa. Ya ce an kawo masa rubutaccen ƙorafi mai nauyi game da Jibi Mai Tsarki, gurasar da muke karɓa a matsayin Jikin Ubangiji, don haka Katikis zai sauka daga aiki har a gama bincike. Sai ya miƙa hannu. Katikis ya tsaya kamar bai gane ba, sannan ya ciro mabuɗin akwatin Jibi daga wuyansa ya ba shi. Bai ce komai ba. Ba a kuma ce masa ya ce ba.

Mu ba mu da yawa a Boɗinga. In an cika, mu hamsin da 'yan kai: malaman makaranta, 'yan sanda, masu shago biyu, sai ni da nake aikin jinya a Shagari. Fada daga Sakkwato yake zuwa, Lahadi ɗaya ya zo, ɗaya bai zo ba. Ranar da bai zo ba Katikis ne ke ja mana addu'a, ya raba mana Jibin da Fada ya tsarkake ya bari. Shekara goma sha tara ke nan yana yi. Sauran kwanaki gyaran injin ban-ruwa yake yi wa manoman albasa. Shi ya tsaya a kan kabarin mijina da Fada bai samu zuwa ba.

Kafin mu fita ƙofa magana ta riga ta zagaya. Wai yana ɗaukar Jibi yana kai wa wani boka a wajen Lambara. Wai wani ya gan shi.

Matarsa Rifkatu ta fita da gyalenta a baki.

Litinin, 10 ga Maris, da yamma

Rigakafin yara, mutum arba'in da ɗaya. Zafi ya kankama. Ban ci abinci ba, amma dai lokacin azumi ne, namu da na maƙwabta duka.

Laraba, 12 ga Maris, da hantsi

Ciyaman Barnabas ya kira ni ina tsakiyar aiki. Shi ne shugaban kwamitin coci, shi kuma ya rubuta takardar ƙorafin, bai ɓoye min ba. Ya ce Fada ya yarda a naɗa mutum uku su bincika: shi, da Baba Filibus, da ni, tunda ni ce shugabar Zumuntar Mata.

Na ce, "Ciyaman, a sa wata mana."

Ya ce, "Wa ya fi ki sanin maganar, Asabe? Kwantar da hankalinki, ban sa sunan kowa ba. Cewa na yi wani mai tsoron Allah ya gani da idonsa."

Na ce to.

Ni dai ban yi ƙarya ba.

Juma'a, 14 ga Maris, bayan magariba

Addu'ar Hanyar Giciye, mai tasha goma sha huɗu. Ƙanen Ciyaman ne ya ja, ya tsallake tasha biyu, ba wanda ya gyara masa. Katikis bai zo ba. Rifkatu ta zo ita kaɗai ta zauna a bencin ƙarshe, matan da ke wurin suka matsa gaba da sunan neman iska.

Da aka tashi na ji labarin kala uku. Wata ta ce a gonakin albasa ake binne Jibin don su yi yabanya. Wata ta ce an ga bokan da kansa a ƙofar gidan Katikis. Wata ta ce dama ita tun tuni idonsa bai yi mata ba. Sati biyu da suka wuce ba wadda ta san akwai boka a Lambara.

Suka tambaye ni ra'ayina. Na ce ana bincike.

Lahadi, 16 ga Maris, da azahar

Yau ba Fada, ba mabuɗi, ba Jibi. Muka yi karatu da waƙa muka tashi.

Mu uku muka zauna a gindin dogonyaron bayan coci. Ciyaman ya ciro takarda, ashe har ya rubuta rahoton binciken, sa hannu kawai yake jira. Baba Filibus ya karɓa, ya sa tabarau, ya karanta har ƙasa, ya koma sama. Baba shekara talatin da ɗaya ya yi yana magatakardan kotu kafin ya ajiye aiki, ba ya gaggawa.

Ya ce, "An kira shi?"

Ciyaman ya ce, "Me za a kira shi a yi? Ai musu zai yi."

"An karanta masa takardar ƙorafin?"

"Ya san abin da ya yi, Baba."

"Wa ya rubuta ta?"

"Ni."

Baba ya cire tabarau. Ya ce, "Barnabas, kai ne mai ƙara, kai ne alƙali, kai kuma ka rubuta hukunci tun ba a zauna ba. Ko Adamu da ya ci ɗan itacen nan, Allah ya ga komai da idonsa, amma sai da ya kira shi ya tambaye shi kafin ya fitar da shi. Mu mun fi Allah gani ne? Dokar Ikilisiya ba ta yarda a ɓata wa mutum suna a kan zato ba. Ba ta yarda a hukunta shi ba sai an gaya masa abin da ake tuhumarsa da shi, ya ba da amsa. Ko da ya yi. Ina cewa ko da ya yi."

Ciyaman ya ce maganar Jikin Ubangiji ake yi, ba ta satar akuya ba. Baba ya ce shi ya sa ma. Girman laifi shi ke ƙara girman tambaya.

Sai ya ce, "Wannan mai tsoron Allah da ya gani, wane ne? Ya zo ya faɗa a gaban Katikis."

Ciyaman ya ce ya yi alkawarin rufa masa asiri. Ni ina kallon tururuwa suna jan ƙwayar gero.

Baba bai sa hannu ba. Ni na ce na manta biro. Akwai biro biyu a jakata.

Talata, 18 ga Maris, da safe kafin aiki

Bari in rubuta yadda aka yi, ko zan samu in yi addu'a.

A watan jiya, wata Alhamis, ina tsaye a bakin titin Shagari ina jiran mota, sai ga Katikis a kan babur. Na ga farar igiyar jakar Jibi a wuyansa, wadda ake kai wa marasa lafiya da ita. Na ɗaga masa hannu, ya sunkuyar da kai kawai ya wuce, don mai ɗauke da Jibi ba ya hira a hanya. Ya kama hanyar Lambara. Ba mu da ko mutum ɗaya a can. Bayan sati biyu na sake ganinsa, haka dai.

Wannan shi ne abin da na gani. Iyakarsa ke nan.

Ranar Lahadi na ce wa Ciyaman, ni dai ban sani ba, amma ga abin da na gani. Ya ce, "Ko wurin boka yake kai wa?" Na ce, "Wa ya sani."

Da na ce a'a. Da na ce mu tambaye shi. Na ce wa ya sani.

Akwai kuma abin da ban so in rubuta ba. Bara Katikis ya cire sunan 'yar ƙanwata daga masu karɓar Jibin farko, don ta yi fashin darasi shida. Na roƙe shi a gaban mata, ya ce doka ɗaya ce ga kowa. Na ce na yafe. Na san kuma Ciyaman ya daɗe yana so ƙanensa ya zama katikis. Duk na san wannan lokacin da na buɗe baki.

Alhamis, 20 ga Maris, da yamma

Rifkatu ta zo gida in auna mata jini kamar yadda ta saba. Ya hau sosai. Ina naɗe mata hannu ta ce, "Sista, da na ji kina cikin masu binciken sai hankalina ya kwanta. Na ce ko ba komai akwai tamu a ciki."

Na ce ta rage gishiri.

Ta ce mijinta yana fita aiki, ya dawo ya zauna yana kallon bango. Ta tambaye shi ina yake kai Jibin, ya ce ya yi alkawari, ba zai faɗa ba. Ta ce, "Ni na san mijina. Amma kin san abin da ya fi ƙona shi? Kwana goma sha ɗaya yau, ba wanda ya tambaye shi. Har Fada. Wadda ta kai ƙarar ma, ko wanda ya kai, da ya tare shi a hanya."

Na raka ta har bakin titi. Ta yi min godiya sau biyu.

Lahadi, 23 ga Maris, bayan la'asar

Na riga kowa zuwa. Fada na sauka daga mota na ce ina son magana. Na gaya masa ni ce mai tsoron Allah da ke cikin takardar. Na gaya masa abin da na gani da abin da ban gani ba. Na ce ba zan zauna a kwamitin ba, ba kuma daidai ba ne Ciyaman ya zauna.

Fada yaro ne, bai kai shekara uku da naɗi ba. Ya ce, "Mama Asabe, da na karanta takardar nan tsoro ya kama ni. Na ce in gaskiya ne, Jikin Ubangiji na hannun matsafa, ni kuma ina jira. Dole in kare shi."

Baba Filibus ya iso a nan. Ya ce, "Fada, karɓar mabuɗi a ɗaki, ku biyu, har a bincika, wannan kariya ce, huruminka ne. Faɗa a gaban jama'a tun ba ka ji daga bakinsa ba, wannan hukunci ne."

Fada bai ji daɗi ba. Ya ce shi ne ke da alhakin ikilisiyar nan. Baba ya ce ƙwarai, har da Mainasara a cikinta.

Bayan an tashi aka zauna a cikin coci, aka rufe ƙofa. Fada da Baba a kan kujera. Ciyaman a benci, mai ƙara. Ni a benci, mai shaida. Aka aika aka kira Katikis, ya zo da man inji a farcensa. Baba ya karanta masa takardar daga farko har ƙarshe. Da aka zo wurin wanda ya gani, na miƙe na ce ni ce. Ya juyo ya dube ni. Ba harara ba ce. Da harara ce da ta fi min sauƙi.

Ya ce, "Abin da Sista ta gani gaskiya ne. Na kai Jibi hanyar Lambara sau huɗu, ba biyu ba. Mara lafiya na kai wa, mai baftisma, da ya roƙa da bakinsa. Ban kai wa boka ba. Laifina shi ne ban sanar da Fada ba, wannan na amsa shi."

Fada ya ce, "Wane ne?"

"Na yi alkawari, Fada."

"Ni ma ba za ka gaya min ba?"

"Sai masu gidan sun yarda. Na roƙe su, ba su yarda ba tukuna."

Ciyaman ya ce kun ji ko, mara lafiya marar suna a garin da ba Kirista. Baba ya ce rashin suna ba shaidar boka ba ne, wanda ya ce akwai boka shi zai kawo boka. Fada ya ce ba zai iya mayar da mabuɗi ba sai ya san inda Jibin ya je. A nan ban ga laifinsa ba. Aka tashi a haka.

Katikis zai fita ya ce, "Fada, mutumin nan yana jiran a kawo masa. Ba shi da kwanaki da yawa." Fada ya ce to a faɗi sunansa ya je da kansa. Katikis ya sa takalminsa ya fita.

Litinin, 24 ga Maris, da yamma

Rifkatu ta aiko a karɓar mata katin awon jininta.

Laraba, 26 ga Maris, bayan azahar

An kawo wata tsohuwa asibitinmu a bayan a-kori-kura, daga wani ƙauye gaba da Lambara. Inna Salamatu. Zuciya ta gaji, ƙafafu sun kumbura, numfashi sama-sama. Ɗanta Maniru ya kawo ta, magidanci mai furfura a gemu, manomin albasa, bakinsa ya bushe da azumi.

Na ce ya jira a waje in sa mata ruwa. Ina sunkuye sarƙar wuyana ta zamo, ƙaramin giciyen ya fito. Tsohuwar ta kama shi da yatsu biyu.

Ta ce, "Ɗiyata, ke tasu ce?"

Na ce eh, Inna.

Ta ce, "Mai gyaran inji ya bar kawo min. Sati ukku ina dubin ƙohwa."

Ta ce Tereza aka sa mata da ruwan baftisma, tana 'yar shekara sha biyu, can garinsu wajen Gusau. Ta yi aure nan shekara hamsin da wani abu, ta haifi tara, ta binne huɗu. Ta sa babban yatsa ta zana giciye a goshinta a ƙarƙashin mayafi, da sauri, irin na wanda ya saba yi ba a gani ba.

Na yi mata addu'ar da na iya a kunne. Tana bin wasu kalmomin, wasu sun ɓace mata.

Alhamis, 27 ga Maris, da hantsi

Na samu Maniru a inuwar bayan ɗakin magani. Na ce na san mai gyaran inji. Ya dube ni ya dubi hanya.

Ya ce, "Likita, Mainasara shi ka gyara min inji shekara takwas. Inna ta jiya ana ce mai Katikis, sai ta kira ni ta hwaɗa min abin da ban taɓa sani ba. Na ƙi. Ta bar cin abinci kwana biyu. To mi zan yi? Uwata ce. Ni na ɗauko shi, ni na sa shi ya yi alkawari."

Na ce, "Ka san an dakatar da shi daga aiki saboda wannan? Ana cewa boka yake kai wa."

Ya ce Mainasara ya dai ce masa ba ya iya kawowa yanzu, ya kuma roƙi a bar Fada ya zo. Bai faɗi sauran ba.

Na ce to a bar Fada ya zo. Tana bukatar ta furta zunubanta, a shafa mata man addu'a. Ko nan asibiti, ba wanda zai sani.

Ya ce, "Nan kowa ya san kowa. Surukina shi ne limamin garinmu. In maganar ga ta hita tana da rai, ran da ta cika wa za ya wanke ta? Ina za a sa ta? So nike ta kwanta kusa ga babana da ɗiyanta. Ita ma haka ta ce. Ki yi min rai, Likita."

Ban iya ce masa bai da gaskiya ba. Na rubuta musu takardar zuwa Sakkwato. Tsohuwar ta ce gida za ta. Sun tafi da la'asar.

Asabar, 29 ga Maris, da safe

Lambar Fada na cikin wayata. Na buɗe na rufe ya fi sau goma. Sirrin mara lafiya ne, ba nawa ba. Wancan karon da ba a tambaye ni ba na yi magana. Yanzu da magana za ta yi amfani, an ɗaure min baki.

Lahadi, 30 ga Maris, da azahar

Sallah. Maƙwabta sun aiko da tuwo da miyar taushe har kwano uku. A coci mu goma sha tara, ba Jibi.

Laraba, 2 ga Afrilu, da yamma

Inna Salamatu ta rasu jiya da hantsi, an yi mata sutura kafin azahar, an sa ta kusa da mijinta. Na ji a bakin direban da ya kawo su.

Na je gaisuwa bayan aiki. Gida cike. A zaure na hango Katikis a kan tabarma cikin maza, hularsa a gwiwa, ana ta shafa fatiha yana sunkuye. Kowa ya ɗauka mai gyaran inji ne ya zo wa abokin hulɗarsa. Na shiga wurin mata. Jikokinta suka ce ai ta yi ta ambaton likitar Shagari. Na ce Allah ya ji ƙanta. Suka ce amin.

Sati uku da kwana biyu tana duban ƙofa.

Juma'a, 4 ga Afrilu, bayan la'asar

Maniru ya zo asibiti da kansa jiya. Ya ce ya kasa barci da nauyin Mainasara. Zai yi magana, amma da Fada shi kaɗai, ba a coci ba, ba a ƙauyensu ba, kuma sunan Inna kada ya fita.

Yau muka haɗa su a bakin hanyar Sifawa, gindin wata tsamiya. Fada ya zo da riga da wando irin na kowa. Na zauna a motar Fada. Sun fi rabin awa. Na ga Maniru ya ciro wani abu daga aljihu naɗe a tsumma ya ba shi, daga baya Fada ya nuna min: tsohon katin baftisma ne, ya yi ja, ninkinsa ya kusa rabuwa. A ƙasan adakarta aka same shi.

Fada ya shigo mota ya kama sitiyari, bai tayar ba.

Ya ce, "Da na kira shi ɗaki ranar farko, da mun nemi dabara tare. Da mabuɗin na hannunsa har yanzu. Ko ban samu ganinta ba, da ba ta tafi da yunwar Jibi ba."

Na ce, "Da ni na tare shi a hanya, Fada."

Ya ce kowa ya ɗauki nasa.

Lahadi, 6 ga Afrilu, da azahar

Fada ya tsaya inda ya tsaya wancan karon. Ya ce ya bincika, ya gani da idonsa, Jibin ya je hannun mara lafiya mai baftisma, ba boka a cikin maganar ko kaɗan. Ya ce Katikis ya yi kuskure da bai sanar da shi ba, sun yi magana, ya amsa. Sai ya ce shi ma ya yi kuskure, wanda ya fi wancan: ya hukunta mutum a gaban jama'a tun bai ji shi ba. Tunda a nan ya ɓata masa suna, a nan zai nemi gafararsa. Ya sauko ya kai masa mabuɗin har benci.

Ciyaman ya miƙe ya ce a gaya wa ikilisiya sunan mara lafiyan. Fada ya ce ba za a faɗa ba, yau ko gobe. Ciyaman ya ce to shi bai gamsu ba. Wasu suka gyaɗa kai.

Na miƙe. Na ce ni ce na gan shi a hanya, ni na kai magana, ban ga boka ba, aka ambaci boka ban musa ba, kuma da ƙullin wani abu a raina na yi. Na ce na sauka daga shugabancin Zumunta. Wani jariri ya yi kuka, aka shiga waƙar rufewa.

Baba Filibus ya tsaya kusa da ni a waje. Ya ce, "'Yata, a kotu na ga masu shaida da yawa. Masu gyara shaidarsu ba su cika hannu ɗaya ba." Ban san ko yabo ne ba.

Talata, 8 ga Afrilu, da yamma

Na je gidansu. Rifkatu ta amsa sallama, ta ajiye min ruwa, ta shige ɗaki ta saki labule.

Katikis na tsakar gida ya baje kayan inji a kan buhu. Na durƙusa na ce ya yafe min.

Ya ce, "Tashi, Sista. Na yafe tun ranar da kika miƙe a gaban Baba." Ya ci gaba da goge wani ƙarfe. "Ni ma ina da nawa. Na riƙe alkawari na bar Inna ba Fada. Na ɗauka akwai lokaci."

Na ce ta ambace shi a asibiti. Ya ajiye ƙarfen. Ya ce me ta ce. Na gaya masa. Na so in rage, ban rage ba.

Sannan ya ce, "Kin yi mata addu'a?" Na ce na yi. Ya ce, "To an gode."

Da zan tafi na yi wa Rifkatu sallama ta bayan labule. Ta ce a sauka lafiya. Ba ta ce Sista ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da rana

Wata a Zumunta ta ce wai Fada rufa-rufa ya yi. Na ce ta zo mu je ta faɗa a gaban Katikis. Ta ce ita ji ta yi.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da azahar

Lahadin Dabino. Da kaba muka yi, ita muke da ita. Fada na can wata coci, Katikis ne ya ja. Mu arba'in da shida. Ya tsaya sau ɗaya a karatun shan wuyar Ubangiji, ya sha ruwa ya ci gaba.

Da lokacin Jibi ya yi ya buɗe akwatin, ya durƙusa, ya juyo ya tsaya da ƙoƙon a hannu. Ba wanda ya tashi. Kowa na jiran ya ga wa zai fara. Masu waƙa suka gama baiti suka sake kamawa. Shi yana tsaye, bai dubi kowa ba.

Ni ba ni ce ya kamata in fara ba. Na duba Baba Filibus, yana ta kokawa da sandarsa, gwiwarsa ba ta barinsa ya tashi da wuri. Sai na tashi. Daga bencina zuwa gaba taku tara ne, ban taɓa sanin suna da nisa haka ba.

Ya ɗaga Jibin ya ce, "Jikin Kristi," da muryar da yake ce wa kowa.

Na ce amin.

Da na koma na durƙusa ina jin ƙarar sandar Baba a kan siminti, da takun wasu a bayansa. Ban ɗaga kai na ƙirga ba. Ciyaman da iyalinsa ba su tashi ba, wannan na gani. Rifkatu ce ta ƙarshe. Da za ta koma wurinta ta bi ta gefen bencina, ba ta dube ni ba, ta ce ƙasa-ƙasa, "Kaina na ciwo tun jiya. Kina gida da yamma?"

Na ce ina gida.